Yatsan Mahaifiyata a Takardar Banki

A lokacin da abin ya faru ni dillalin rake ne a Makarfi, ina loda motoci zuwa kudu, ina ji da kaina fiye da kima. Ni ne babba a gidanmu. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gado ba, don a wajenmu ba mai son a ce shi ya fara tayar da maganar rabo alhali uwa tana raye a cikin gidan. Da aka zo yin takardar mallaka, ƙannena suka ce a sa sunana kawai, tunda ni ne makwafin uba kuma ni na yi boko. Da wannan takarda na jinginar da gidan a wani ƙaramin banki, ba wanda ya sani.

Shekara ta zo da gardama, mota biyu suka lalace a hanya, raken ya bushe, biya ya gagara. Wani abokina ya ba ni shawarar in mayar da jinginar zuwa wani babban banki, su biya na farkon, su ƙara mini jari, su tsawaita lokaci. Na ɗauka aikin yini guda ne. Ashe sai lauyansu ya yi bincike a ofishin filaye, sai an ƙiyasta kuɗin gidan, sai tsohon bankin ya ba da takardar sakin gidan, sai an nemi amincewar gwamnati. Duk na bi, har na je kotu na yi rantsuwa cewa gidan nawa ne ni kaɗai. Sannan lauyan ya ce saura abu ɗaya: duk baligin da ke zaune a gidan sai ya sa hannu cewa ya sani, kuma zai tashi in aka zo sayarwa. Ƙannena suna Kudan da Kaduna da Gubuchi, Inna ce kawai a ciki.

Na same ta tana gyaran wake a tsakar gida. Na ce mata rajistar takin gwamnati ce. Ta wanke hannu, ta goge da gefen zane don kada ta ɓata mini takarda, ta dangwala yatsa, ta sa mini albarka. Wallahi har yau in na tuna wankin hannun nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Bayan shekara biyu jarin ya narke, banki ya kai ƙara. Ƙannena suka ɗauki lauya, ya bayyana wa Inna cewa in ta gaya wa alƙali yaudararta aka yi, akwai yiwuwar a ceci gidan, amma ni zan iya tafiya gidan yari saboda rantsuwar ƙarya da zamba. Ranar zama alƙali ya nuna mata yatsan, ya tambaye ta ko ta san abin da ta dangwala wa. Ba ta dube ni ba. Ta ce ta sani, ɗanta ya karanta mata komai. Matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba. Aka yi gwanjon gidan.

Yanzu tana ɗaki ɗaya a gidan mijin ƙanwata a Gubuchi. Ƙannena ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da na koya shi ne, sunanka a takarda bai sa haƙƙin marayu ya zama naka ba. Ina roƙon masu karatu, ku raba gado da wuri, kuma kada ku miƙa wa tsohuwa takardar da ba za ku iya karanta mata da ƙarfi ba. Ni duk Juma'a ina zuwa gaishe ta. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta tambaye ni ko na ci abinci.