Rabin Shagona da Dokar Gobara Ta Ci

Abubuwa da yawa sun same ni a kasuwa waɗanda yau sai an tuna mini nake tunawa, amma shekarar da aka rushe rabin shagona saboda dokar gobara, wannan kam tana nan daram a raina har in koma ga Mahaliccina.

Buhu nake sayarwa, da tampol da igiya da basilla, a kasuwar garinmu da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Wanda ya san yankinmu ya san idan kaka ta yi, mai buhu ba ya zama. Masara da dawa da waken suya, duk sai sun shiga kayanmu kafin su hau mota. Shagon na katako ne da kwano, gadon mahaifina, kuma yana da faɗin da har mutane kan fake a ciki idan rana ta yi zafi. A jikin bangona akwai wata 'yar rumfa ta ɗan ƙanin babana. Ni na kawo shi kasuwa, ni na nema masa wurin, ni na koya masa bambanta sabon buhu da wanda aka wanke aka gyara. Ƙofarsa wani matsattsen lungu take kallo, inda ko rana ba ta leƙawa. Idan masu saye suka yi mini yawa sai in ce, "Ku zagaya wajen ƙanena, kayanmu ɗaya ne." Ina jin daɗin faɗin haka ƙwarai.

Sai wata kasuwa a wani gari ta ƙone ƙurmus. Aka ce motar kashe gobara ta iso da wuri, amma ta rasa ta inda za ta shiga saboda rumfuna sun cushe. Bayan haka ƙaramar hukuma ta kafa doka: kowace kasuwa a fitar mata da layin da mota za ta bi daga wannan baki zuwa wancan, a daina ajiye fetur a cikin rumfuna, janareta su koma gefen kasuwa, a kuma tanadi tankin ruwa da yashi. Da aka karanta mana dokar har da ni a masu cewa madalla. Ban san a kaina za ta sauka ba.

Ranar da jami'ai suka zo tare da sarkin kasuwa, da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, ina tsaye aka ja igiyar ta ratsa tsakiyar shagona, daidai inda babana yake shimfiɗa buzunsa. Bangon ƙanen nawa kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba.

Na matsa kusa da babban jami'in na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan karkata igiyar nan mana."

Ya ce, "Alhaji, motar ba babur ba ce da za ta yi ta kwana-kwana. In na karkata maka, sai na karkata wa na gaba, daga nan babu layi. Ka yi haƙuri."

An ba ni wani fili a madadi, can bayan kasuwar dabbobi, inda ba mai zuwa neman buhu. Da hannuna na cire kwanon rabin shagona. Ƙanen nawa ya taya ni ɗauka, yana ta cewa, "Sannu Yaya, Allah Ya mayar da alheri."

Alherin ya zo kuwa, amma ƙofarsa ya tsaya. Bangonsa da ke jikin nawa ya zama shi ne ke kallon sabon layin, sai ya fasa ƙofa a nan. Ni kuma a gefena aka girke tankin ruwa da durom-durom na yashi, suka toshe ni, ban isa in fasa ko taga ba. Kafin wata kakar ta zagayo, duk wanda ya sauka a tasha ya biyo layin nan, shi yake fara gani. Motocin hatsi a bakin ƙofarsa suke tsayawa. Ya ƙara injin feshi da takalman roba a kan kayansa, ya shafa wa rumfar shuɗin fenti, ya sa dogon benci. Ni kuwa rabin kayana suna gida don babu wurin zuba su.

Akwai wani dattijo daga Musawa da yake sayen buhu a wurinmu tun zamanin babana. Wata ranar kasuwa na hango shi zaune a kan bencin nan yana shan fura, ya ɗago mini hannu daga nesa ya ce, "Alhaji, ana nan dai?" Na ce ana nan. Ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Yaron nan bai taɓa yi mini rashin kunya ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Da ya yi, da na sami abin riƙewa. Kullum da safe sai ya tsallako ya gaishe ni. Ya sha ce mini, "Yaya, kayan da ke gida ka kawo su nan mana, akwai wuri." In ce masa na gode, ban kai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ji muryarsa yana ce wa wasu manoma, "Ku tsallaka wajen Yayana, kayanmu ɗaya ne." Maganata ce ya mayar mini, da zuciya ɗaya, amma sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na sayar musu, fuskata ba walwala.

A gida ba ni da hira sai tasa. Ya sayi sabon babur, ya yi wa ɗakin uwarsa rufi, an gan shi a Dayi yana duba gona. Wata rana maiɗakina ta ajiye kwanon abinci ta ce, "Alhaji, wai shi ya ja igiyar nan ne?" Na ce ba shi ba ne. Ta ce, "To ka bar bawan Allah ya ci rabonsa." Na san gaskiya ta faɗa, amma mai ƙyashi sanin gaskiya ba ya warkar da shi. Idan na zauna a ɗan abin da ya rage mini, ina kallon mutane suna taka ƙasar shagon babana suna shiga wurin wani, sai in ji da ni aka yi shuka, wani yake girbi.

Ana haka, wata ranar kasuwa a tsakiyar kaka, bayan azahar, wuta ta tashi. Wani mai cajin waya ne a ɓangaren su ƙanena, ƙetaren layin, ya ɓoye janareta a cikin rumfa duk da an hana, ya zo zuba mata fetur tana aiki. Kusa da shi masu auduga ne, gaba kuma masu buhun leda irin su ƙanena. Ga iska. Kafin a ce me ke nan, baƙin hayaƙi ya rufe sama, kwano yana ta fashewa kamar ana harbi.

Abin da idona ya gani a layin nan ba zai goge ba. Mata masu goyo, tsofaffi, masu tallar fura da ƙwarya a ka, duk ta nan suka kwararo suka fita. Da lungunan da ne, da turmutsitsi kaɗai ya isa ya kashe mutane. Tankin da na daɗe ina harara, shi muka buɗe muka yi ta jiƙa rumfunan gefenmu, muna watsa yashi a kan duk tartsatsin da ya tsallako. Wutar ta cinye rumfuna ɗaya bayan ɗaya har ta iso shagon ƙanena. Na ga shuɗin fentin nan yana kumbura yana narkewa. Ya yunƙura zai shiga, na riƙe shi ta baya na ce, "Kai, bar su. Kaya ne." Ya ce, "Yaya, komai nawa yana ciki."

A bakin layin wutar ta tsaya tana lasar iska, ta rasa abin kamawa. Can sai ga motar kashe gobara daga Funtuwa, ta shigo kai tsaye ba ta tsaya neman hanya ba. Ɓangarensu ya ƙone, namu ya tsira, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Washegari na matsar da kayana gefe na ce ya zo mu zauna tare kafin ya farfaɗo. Muka matsu a ɗan shagon nan, gwiwa tana gugar gwiwa. Mutane suka yi ta tururuwar yi masa jaje. Dangi suka haɗa masa kwano, wani Alhaji mai hatsi ya aiko da bulo, dilolinsa suka ba shi kaya ya fara juyawa. Da ginin ya tashi, na bulo da ƙofar ƙarfe, ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Na tsaya ina kallo, sai na ji tsohon ciwon nan ya motsa. Har dariya na yi wa kaina, na ce mutum gobara ta cinye shi amma har yanzu yana gabana.

Ranar da zai koma sabon shagon, sarkin kasuwa ya tara mu a yi addu'a. Bayan an shafa, ƙanen nawa ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce, "Kowa ya yi mini jaje, na gode. Amma akwai wanda ya yi tasa asarar tun wuta ba ta zo ba, don mu tsira, kuma ba wanda ya je ya yi masa jaje. Har ni da na ci moriyar abin." Ya juyo ya durƙusa a gabana ya ce, "Yaya, sannu da asara."

Sai sarkin kasuwa ya taso ya miƙo mini hannu, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ina ta cewa "Ba komai, ba komai," hawaye yana zubo mini a gaban mutane. A nan na gane ashe ba shagonsa nake nema ba duk tsawon lokacin nan. So nake wani ya san an ɗauki wani abu daga hannuna.

Ba zan ce ƙyashi ya rabu da ni ranar ba, har yau yakan leƙo idan na ga motoci sun yi layi a ƙofarsa. Amma na koyi cewa dokar da za ta kare jama'a ba ta cin kowa daidai, dole ta taɓa wani ta ƙyale wani. Wanda ta taɓa kada ya huce a kan ɗan'uwansa da bai ja igiya ba. Waɗanda ta ƙyale kuma kada su jira sai wuta ta tashi kafin su je su ce masa sannu.