Babin Kuturtar Gyaɗa

A daminar da nake rubuta kundin digirina na biyu, ina koyar da darasin noma a wata sakandare kusa da Minjibir, ban cika shiga birni ba. In ina bukatar wani abu daga laburaren jami'a, sai in cike takarda ta waya: sunan littafi, lambar babi, shafi kaza zuwa kaza. Wata Hajiya ce ke kula da wannan sashe. Ita ke ɗauko littafin, ta ɗauki hoton shafukan, ta turo mini ta imel. Dokarsu babi ɗaya tak daga kowane littafi.

A ƙauyenmu sabis ba ya kamawa sosai sai a kan tudun da ke bakin gonar Baba, can nake zuwa bayan la'asar in jira saƙo. Wata rana ina jiran wani babi kan cututtukan gyaɗa, daga tsohon littafin da ba a ba da shi aro. Ina tsaye sai idona ya kai kan wani gefe na gonar. Gyaɗar wurin ba ta yi yaɗo ba. Ta tsuke, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya murɗe. Na ce a raina ko ruwa ne ya kwanta mata.

Wayar ta yi ƙara, shafukan suka sauka. A shafi na bakwai akwai hoton gyaɗa mai cuta, baƙi da fari, ya ɗan karkace, har da inuwar yatsan Hajiya a gefe. Na ƙara masa girma. Na dubi hoton, na dubi ƙasa. Na tsuguna na juya ganye ɗaya, sai ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe, sun yi cincirindo a ƙarƙashinsa.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na miƙa masa wayar. Bai yi boko ba, amma ya daɗe yana kallon hoton.

"Kuturta ce," ya ce. "Ina saurayi ta shigo mana. A waccan shekarar ko irin shuka ba mu tsira da shi ba. A ina ka ga wannan?"

"A gonarmu, Baba. Ta wajen tudu."

Ya ajiye fartanyar a hankali. "To me littafin naku ya ce a yi?"

Na duba har shafin ƙarshe. Babin ya tsaya a kan bayanin cutar, maganar magani tana babi na gaba.

Da safe na koma kan tudun na kira Hajiya.

"Malam, ka san dokar," ta ce. "Babi biyu daga littafi ɗaya ba zan iya turowa ba."

Na gaya mata abin da na gani. Sai ta jefo mini tambaya.

"Gonar wa?"

"Ta mahaifina."

"Kana da biro? Riƙe wayar."

Na ji takunta, na ji ƙarar takarda. Ta karanta mini babin da bakinta, sannu a hankali, ina rubutawa a bayan takardun jarrabawar ɗalibaina. A tuge duk wadda ta kamu, a binne, a yi feshin ƙwarin, a sanar da maƙwabta tun da wuri.

Kwana uku muna tuga ni da Baba, muka kuma sanar da maƙwabta. Maƙwabcinmu na gabas ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya ce shi tasa lafiyarta lau, ba zai tuge abin da ya sha wahalar shukawa ba saboda hoton waya. Bayan mako biyu tasa ta fara rawaya. Daga nan sai gonar na kusa da shi, har zuwa bakin titi.

Da kaka abin da muka samu bai cika buhu biyu ba. Baba ya zauna ya tsince masu kyau da hannunsa, ya zuba a tukunya, ya liƙe bakin da laka. Ya kira Inna ya ce mata irin shukar baɗi ne, ko baƙo aka yi, kada a taɓa.