Asabar ɗin Falalu a Bakin Teku

Shekara tara muka yi da Falalu muna tuƙa bas a layi ɗaya a birnin Manchester, daga Fallowfield mu ratsa Rusholme mu gangara Oxford Road, muna kwasar ɗaliban jami'a waɗanda ko sannu ba su iya cewa ba. Ni Bartholomew ne, ɗan Zonkwa, shi kuma mutumin wani ƙauye ne a bayan Kazaure. Bato yake ce mini. Ban taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, ban kuma taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, kuma har yau in na tuna abin da ya faru a 2015 sai raina ya ɓaci, da shi da kowa.

'Ya ɗaya gare shi, Rakiya. Tana da shekara huɗu suka rabu da uwarta, Zinatu. Abin da ya raba su ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Zinatu ta ɗauki yarinya ta koma Birmingham, unguwar Erdington, kusa da yayanta. Suka shirya a tsakaninsu, ba kotu ba takarda: in lokacin zafi ya shigo, kowace Asabar yarinya ta ubanta ce, daga safe zuwa ƙarfe bakwai na yamma.

To, wani da ya kai ta gidan cin abinci a nan Erdington ya saya mata kaza ya huta. Ban da Falalu. Mutumin da ya kwashe kwana biyar yana murza sitiyari, ranar hutunsa sai ya tashi da sassafe ya shiga wata tsohuwar motarsa mai tari, ya bi babbar hanyar M6 har Birmingham, ya ɗauki yarinya, ya sake miƙa hanya sai bakin teku. Yau Rhyl, wani makon Barmouth, wani Weston. Na tambaye shi dalili, ya ce shi sai da ya haura talatin ya ga teku, kuma ranar da ya gan shi ya kasa cin abinci don mamaki. Ya ce ba ya so ita ta jira haka.

Sau ɗaya na bi su, zuwa Barmouth. Ya zo da fulas na shayi da burodi da dambun naman da ya yi da hannunsa. Bai iya iyo ba, tsoron ruwa yake kamar akuya, amma ya naɗe ƙafar wando ya shiga har gwiwa, ya tsaya tsakanin yarinya da zurfi, ya juya wa teku baya. Awa biyu yana tsaye a ruwan nan mai sanyin tsiya yana karkarwa. Ta tsinci ɓawon kifi da duwatsu, ya cire hularsa ya tara mata tana zubawa. Tsuntsun teku ya fizge mata dankali daga hannu, ta fashe da kuka, sai ga Falalu, dattijo da furfura, yana bin tsuntsu da takalmi a hannu har sai da kukanta ya koma dariya.

A ranar ne kuma na lura da abu ɗaya. Tun safe har muka mayar da ita bai kira sunanta ba. “Ke, zo ki ci.” “Ke, kada ki yi nisa.” In zai yi mini maganarta sai ya ce yarinyar nan. Da ta zo ta rungume shi a gabana, sai ya dafa kanta ya kau da kai yana tambayata ko zan ƙara shayi. Na gane mana, ai a Arewa na girma. Kunyar 'yar fari ce. A inda ya fito, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, don kada a ce ba shi da ta ido. Na tsokane shi, na ce ko a Kano yanzu an rage wannan. Ya ce shi ba a Kano aka haife shi ba.

Abin ya ɓaci ne a ƙarshen Agustan 2014. Suna dawowa daga Weston aka yi haɗari a gabansu, hanya ta toshe, wayarsa kuma ba caji. Ya iso da yarinya a makare da awa uku, ya tarar Zinatu a bakin titi ta kusa zautuwa. Ban ga laifinta a wannan ba, kowace uwa haka za ta yi. Amma daga nan ta ce ba sauran teku, ba sauran Asabar. Manya suka sa baki, aka yi ta kai-kawo har hunturu ya fita, ba a daidaita ba. Sai kotu.

A lokacin gwamnati ta riga ta janye lauyan kyauta a irin wannan shari'a, ana ta tsuke bakin aljihu, kuma a kan irinmu ake tsuke shi. Falalu ya cika takardunsa da kansa a teburin shan shayin gareji. Alƙali ya ce kafin ya yanke hukunci, wata jami'a mai kula da lamuran yara za ta zauna ta ga uba da 'ya tare na awa ɗaya, ta rubuta abin da ta gani.

Ana gobe za a yi zaman na same shi. Na ce, “Malam Falalu, ka saurare ni. Matar nan ba ta san Kazaure ba. Abin da ta gani shi za ta sa a report. Ka rungumi 'yarka, ka kira sunanta, ka zauna a ƙasa ku yi wasa. One hour ce kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Ya ce, “Bato, mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunan yayana ba. Kana nufin ba ya son sa?”

“Mahaifinka bai je family court ba.”

“Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.”

Na ce masa a ƙasar nan da biro ake huda shi. Ya yi murmushin nan nasa mai ƙona rai, ya tashi ya tafi salla.

Awa ɗayar ma ba ta cika ba. An rufe cibiyoyin yara da dama a yankin, saura ɗaki guda kowa na layi a kansa, iyalin da ke gabansu suka ci musu minti ashirin. Jami'ar ta shigo da tarin fayil a hammata, ta zauna a kusurwa da littafinta. Rakiya, da ta yi wata tara ba ta ga ubanta ba, ta rugo da gudu. Shi kuwa ga baƙuwa, mace, ta zuba masa ido. Kunya ta ninku. Ya dafa kan yarinya, ya ja kujera ya zauna, ya tambayi bango yaya makaranta.

Na karanta rahoton. Uba bai ambaci sunan yarinya ko sau ɗaya ba. Uba yana kauce wa haɗa ido. Ba a ga alamar shaƙuwa daga ɓangaren uba ba. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya, shi ya sa ya fi ba ni haushi. Minti arba'in ta kalle shi, ba ta tambaye shi me ya sa ba, ba ta nemi wani Bahaushe ɗaya a duk faɗin Birmingham ta tambaya ba. An ce shari'a fiye da ƙarfinta aka jibga mata. Na yarda. Amma tambaya ɗaya nawa take ci? Wanda ya tsaya awa biyu a ruwan sanyi don kada igiyar ruwa ta taɓa 'yarsa, shi ne aka rubuta ba shi da shaƙuwa, aka buga hatimi.

Ranar shari'a, a watan Yuli, na musanya aiki da wani na raka shi. An bar ni na zauna kusa da shi, amma ba ni da izinin magana, abin da ya kusa kashe ni. Alƙali, wani dattijo mai gilashi, ya tambaye shi ko gaskiya ne ba ya kiran sunan 'yarsa. Ya ce gaskiya ne. Me ya sa? Ya ce haka ake yi a wurinsu. Shi ke nan. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur don ya ƙara bayani, ya janye ƙafarsa. A ganinsa, tsayawa a gaban mutane ya ce yana ƙaunar 'yar farinsa ya fi zagi muni.

Alƙali ya juya wurin Zinatu. Ita ma ba lauya gare ta ba. A nan na sa rai, don ita ta san al'adar nan ciki da bai, ita ma 'yar fari ce a gidansu. Jimla ɗaya za ta faɗa a wuce wurin. Ta dubi hannuwanta, ta ce haka yake tun da can. Ba ta yi ƙarya ba ita ma. Kowa a ɗakin nan gaskiya ya faɗa, kuma da gaskiyar aka yanka mutumin.

Sai alƙali ya buɗe shafin ƙarshe, inda jami'ar ta zauna da yarinya ita kaɗai, ya karanta a fili. Rakiya ta ce tana son zuwa teku da babanta fiye da komai. Ta ce yana ba ta hularsa ta zuba duwatsu. Sannan ta ce tana ganin Baba ba ya son sunanta, ta tambayi jami'ar ko ana iya canza wa mutum suna, don ta zaɓi wanda zai so.

Falalu ya riga ya karanta shafin nan a gida, na sani, don shi ne kaɗai bai ba ni ba. Amma ji daga bakin wani daban ne. A nan fushina ya bar jami'a, ya bar Zinatu, ya dawo kansa. Yarinyar da aka haifa a Manchester, take makaranta a Erdington inda kowane uba ke ƙwala wa 'yarsa kira a bakin ƙofa, wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da kunya take nufi? Ba kowa. An bar ta ta fassara da kanta, tana 'yar shekara bakwai.

Hukunci: zai riƙa ganinta awa biyu bayan kowane mako biyu, a ɗaki, da mai sa ido, sai waya ranar Lahadi, a sake dubawa a Nuwamba. Ɗakin ma sai an bi layin mako takwas. Wato zafin shekarar ya tafi ke nan, ba teku. Muka kamo hanyar Manchester ni ke tuƙi. Na yi masa faɗa tun daga Walsall har Stoke, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa babba ba.

Ranar Lahadi bayan na taso daga coci na biya ta ɗakinsa a Rusholme, don raina bai kwanta ba. Na same shi zaune a bakin gado da waya a hannu, ƙarfe huɗu saura kaɗan, lokacin da kotu ta ba shi. Na ce bari in fita in ba shi wuri. Ya ce, “Zauna, Bato. A gaban mutum nake so.”

Ya buga. Zinatu ta ɗauka, ta miƙa wa yarinya. Ɗakin shiru, ina jin numfashinta ta cikin wayar. Ya share gumi da bayan hannu. Sannan, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, “Rakiya.”

Har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ga muryarta, ƙasa-ƙasa, da Turancinta na 'yan Birmingham, ta haɗa da 'yar Hausar da take da ita.

“Baba? Am I in trouble? Me na yi?”