Tsinin Makankarin Babana

Ina 'yar shekara shida babana ya loda akusa a mota ranar kasuwar Wudil, ya nufi Kurmi. Masassaƙi ne. Ya bar wa kakata Iya makankarinsa, wani ƙarfe mai tsini da yake ƙwaƙule cikin akushi da shi, ya ce kada ta bari ya yi tsatsa. Damina huɗu, ko saƙo babu.

Kullum bayan magariba, a gidanmu na Dagumawa, Iya takan zauna bakin murhu da dutse da ruwa a sakaina. Gefe ɗaya na makankarin take wasawa, wai in an taɓa duka biyun tsinin ya mutu. Innata na nesa kaɗan tana kaɗi. Danginta daga Darki sun zo sau biyu a kan a je gaban alƙali a raba aurenta da babana, amma muddin tana jin kukan dutsen nan, kunyar Iya ba ta barinta ta ɗaga ƙafa.

Tatsuniya ɗaya Iya ta fi yi mana. Ga ta nan, in ji ta, ku riƙe ta da kyau. Wani masassaƙi ne ya sami gungumen kirya, ya hau sassaƙa turmi. Daɗin kaifin ƙarfensa ya ɗebe shi, yana ƙwaƙula yana nutsewa, har bakin turmin ya wuce kansa. Ciki ya yi sumul, ba wurin sa ƙafa. A nan Iya take tsayawa. In mun tambaya ko ya fito, sai ta ce yana ciki tukuna.

Wasawa cin ƙarfe take. Wata rana Iya ta shafa bakin makankarin da babban yatsa, ta ji babu sauran tsini, sai guntun da bai kai gaɓa ba. Ranar nan ta ƙara wa tatsuniyar baki: ashe matarsa na tsaye a gindin turmin da tuwo, har ya bushe a hannunta. Ta juya wajen Inna.

"'Yar nan, ɗauki tuwonki. Na yafe miki, ki yafe mini."

Inna ta tafi bayan girbi. Ni aka bari, don 'ya ta gidan uba ce.

Da can babana nake gani a cikin turmin. Sai da na girma na binne ɗan cikina, sannan na gane ko wace ce a ciki. Har Iya ta rasu, da magariba ta yi, sai ta jawo dutsen nan ta zuba masa ruwa.