Anti Salamatu ta tafi, amma Litinin zan shiga ofis ɗin nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga garin Woodbridge, a nan Amurka, Anti Salamatu ta rasu. Ciwon zuciya ne.

Masu tambayar gida, Malam lafiya, ƙananan yara lafiya. Hadiza ce ba lafiya, babbar 'yata. Wata mai zuwa za a yi mata tiyata.

Tare muka yi aiki da Anti a gidan kula da tsofaffi. Da girmana na koyi karatu, har yau da yatsa nake bin layi. Ba ta taɓa karɓe takarda daga hannuna ba, jira take yi in gama.

Shekarar da aka yi min aikin gwiwa, na tara kwanakin hutuna don in je Kumasi in ga Mma. Manaja ta ce sai na cinye su duka kafin inshorar disabiliti, mai biyan ma'aikacin da ciwo ya hana aiki, ta fara biya. Na so in ɗaure gwiwa in koma aiki.

Anti ta ja ni har ofis, ta ce wa manaja, "Ba haka tsarinmu yake ba. Hutunta zai rufe kwanakin jira na kafin inshora ta fara, daga nan inshora ta biya wani kaso na albashi. Ragowar hutun nata ne."

Na je Kumasi. Na samu Mma da ranta.

Wasu mata suka riƙa cewa ina cin kuɗin nakasassu alhali ina tafiya da ƙafata. Anti ta ce musu, "Kowane wata ana cire mata kuɗin inshorar a albashi. Ku kuke biya mata?"

Ranar Lahadi na haɗu da ita a kantin kayan abinci a Hyattsville, tana zaɓen doya. Na gaya mata Hadiza tana ɓoye ciwon a wajen aiki, tsoron kora take ji. Wai ɗan hutunta zai ishe ta, ta koma tun ɗinki bai warke ba.

Ta yi dariya. "Halin uwarta ta ɗauko. Litinin ta sama zan raka ku ofishin su Hadiza. Ki dafa min shinkafa da wake, ba na faɗa da yunwa."

Yau Hadiza ta ce, "Mama, mu bar maganar."

Ba za a bar ta ba. Kowane wajen aiki da tsarinsa, ban san nasu ba, kuma ko barci ba na iya yi. Amma zan je in tambayi kwanakin jira da abin da inshora ke biya. In sun gaji da jinkirin karatuna, su sha ruwa su jira.

Duk wadda ta san harkar nan kuma za ta iya raka mu, ta amsa min a nan kafin Asabar. In babu, mu biyu ma za mu je.

Allah Ya jiƙan Anti Salamatu, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalanta haƙuri. Wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya haɗa da Hadiza.