Inusa Mai Guga da Rawanin Banwar Sing

Duk unguwar Amrigebe ta Njamena an san Inusa da dutsen gugarsa na gawayi. Kakansa ya zo garin nan da fataucin goro tun ana ce masa Fort-Lamy, 'yan'uwan Inusa duk suka bi kasuwa, shi kuwa ya ce hannunsa na tufa ne. Yana saurayi ya samu aikin wanki a gidan wani Ba'indiye mai butik, wato shagon sayar da injinan ban-ruwa, Banwar Sing, ya kuwa shekara ashirin da shida a can.

Banwar ɗan ƙabilar Rajput ne daga Rajastan, jikokin mayaƙa, mutanen da rawani ne mutuncinsu. Safa suke kiransa. Ƙyalle ne shara-shara mai tsawon mita tara. Akwai ruwan ɗorawa na biki, akwai mai ratsi kamar igiyar ruwa, akwai fari na makoki. Inusa ke wanke su, ya sa sitati, ya shanya a inuwa kada ranar Njamena ta cinye launin. Da tsufa ya kama kafaɗar Banwar har hannu ya daina kaiwa ƙeya, sai ya zaunar da Inusa ya koya masa naɗin gidansu: a murɗa, a ɗora, gefe ɗaya ya fi tudu, a saki jela har gadon baya. Shekara bakwai Inusa ne ke naɗa masa.

Bara da damina tsohon ya mutu. Al'adarsu, ranar sha biyu ake naɗa wa babban ɗa rawani a gaban jama'a, a san gida ya samu sabon kai. Ɗan nasa Dilip a Kanada ya girma, bai taɓa naɗa safa ba, Indiyawan garin kuma babu wanda ya iya irin naɗin. Dilip ya zo har rumfar da Inusa ke guga ya roƙe shi.

Labari ya kai unguwar Gardole, kunnen yayan Inusa, Abdulbaƙi. Ya hau kilando, babur ɗin haya, ya zo, ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

"Inusa, ashe za ka shiga bikin mutuwar waɗanda ba sa salla? Ka san abin da za a ce da gidanmu?"

"Yaya, ƙyalle zan naɗa, ba sujada zan yi wa kowa ba. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, mutumin nan da motarsa ya kai ta. A Ramadan bai taɓa cin abinci a gabana ba."

"Idan ka je, kada ka ƙara taka ƙofata."

"To, Allah ya huci zuciyarka. Amma zan je."

Ranar, Inusa ya yi azahar, ya sa babbar rigarsa ta shadda da hula, ya tafi. An shimfiɗa darduma a falo, Dilip na zaune tsakiya, kai babu komai. Inusa ya ɗauko safar da ya goge da hannunsa, sai wani baƙo mai tumbi, abokin kasuwancin marigayin, ya miƙe ya ce da Faransanci bai dace mai wanki ya taɓa kan ɗan Rajput ba.

Inusa ya ji sarai. Bai ajiye ƙyallen ba. Ya miƙa wa mutumin bakin ƙyallen, ya ce da Larabcin Chadi, wanda kowa a ɗakin ke ji, "Bismilla, karɓi ka naɗa. In ka iya, ni mai komawa rumfata ne."

Mutumin ya dubi mita taran nan, ya dubi jama'a, ya koma ya zauna.

Inusa ya tsaya bayan Dilip ya fara murɗawa. A zagaye na ƙarshe ya ga ƙeyar ɗan irin ta uban ce sak. Ya soke bakin ƙyallen, ya saki jela. Uwar Dilip ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da suka fara addu'o'insu, Inusa ya sa takalminsa ya fito.

Dilip ya yi mako uku yana zuwa rumfa koyon naɗi kafin ya koma Kanada. Abdulbaƙi kuwa wata huɗu ko gaisuwa. Ana saura kwana uku Babbar Salla sai ga shi da rigunansa biyu a leda, ya ajiye kan tebur, yana kallon titi.

"Gobe nake so."

Inusa ya hura gawayi, ya nuna masa tulin kayan da ke gabansa.

"Akwai mutum tara kafin kai, Yaya. Jibi da la'asar."