Audugar Kabran Salisu

Duk faɗin Madarumfa, daga bakin tabki har Ɗan Issa, babu wanda ya tsaya gaban wuta kamar ni, Kabran Salisu, wato kofur, mai ɗura igwa. Lambar yabo tana rataye a ɗakina, wanda ke musu ya zo ya gani. Ranar da na same ta kuwa ba ta fita raina, wata Laraba cikin bazara, muna gabas wajen Difa.

Ku ƙananan da ba ku san igwa ba, mutum huɗu ke kanta. Sarjan ya karɓi umurni a radiyo, wani ya yi saiti, wani ya miƙo harsashi, ni in saka a baki in duƙe. Ƙararta kuwa, in ta tashi a nan sai kifin tabki ya yi hijira Katsina. Shi ya sa nake cusa auduga a kunne, ninki biyu, duk da Sarjan Hamisu, mutumin garin Sarkin Yamma, ya hana ni.

"Salisu, kunnen soja na gwamnati ne," in ji shi. "Ba ka da izinin toshe shi."

Da hantsi mahara suka ɓullo ta tsakanin tuddai biyu, sun fi mu yawa. Liyatana, hafsanmu, ya ce a ja da baya, a hau kamyo, babbar motar soja. Kowa ya ji ban da ni. Harsasai na jibge gefena, saiti yana kan mashigar, na ci gaba da ɗurawa, ina ma jin haushin mai miƙowa ya koma malalaci. Sai da aka fizgo ni ta ɗamara na waiga. Babu kowa sai Sarjan, ya dawo a ƙafa cikin ruwan harsashi, cinyarsa na jini. Da na gane ni kaɗai ne tun ɗazu, sai na zauna daɓas a ƙasa. Mai rauni ne ya ja mai lafiya har kamyo.

Wutar tawa dai ta tare mashigar, igwa ba ta faɗa hannunsu ba. Rahoto ya ce Kabran Salisu ya tsaya shi kaɗai. Sarjan ne ya rubuta, bai ambaci auduga ba, don da ya ambata hukunci zan sha. Kansa ma bai ambata ba. Abin da na koya ke nan: a aikinmu takarda tana ganin wanda ya tsaya, ba ta ganin wanda ya dawo.

Bara Sarjan ya zo cin kasuwa yana ɗingishi, ya iske ni bakin tabki ina ba masunta labari, maharan sun kai dubu uku. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya sunkuyo ya leƙa kunnena.

"Gaskiya ne, jama'a, bai gudu ba," in ji shi. "Da ya ji, da ya riga kamyo isa bariki."